Faifan da Suka Yi Anko

Shekaranjiya a ajin da nake koyar da ku a Galtimari, ɗayanku ya zauna gaban kwamfuta, ya zaɓi faifai, ya danna nan ya danna can, rubutu ya fito cewa an gama. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Ba Modu, wai dama wannan ne aikin da kuka yi furfura a kansa?" Ban ji haushi ba, wallahi dariya ma ya ba ni. Na ce masa e, dannawar ita ke nan, ko jikata za ta iya in an nuna mata. Amma tun da kun tsokano ni, ku gyara zama, don ni in na fara magana ba na iya taƙaitawa. Matata ma ta daɗe da haƙura ta bar ni da halina.

Abin nan da kuke kira pul, ni rumbu nake ce masa in ina yi wa mutanen ofis bayani. Kun dai san akwatin ƙarfen da ke tsaye a ɗakin saba, wato ɗakin babbar kwamfutar ma'aikata, tsayinsa ya fi mutum, kanta-kanta, kowace kanta cike da faifai a jere. Faifai ɗaya ba ya ɗaukar kayan babbar ma'aikata, kuma ko ya ɗauka, ranar da ya mutu an shiga uku. Shi ya sa ake haɗa su da yawa su zama rumbu guda. Kowane fayil ya shigo sai a yayyanka shi a rarraba musu, kowa ya riƙe kasonsa da ɗan lissafin na 'yan uwansa. In ɗaya ya mutu, sauran sai su haɗa kai su sake gina abin da ke cikinsa a kan faifan sifiya da ke zaune yana jira. Yadda muke haɗa namu, rumbu yana jure mutuwar biyu. In na uku ya bi su kafin a gama ginin, to ba kason ukun nan kaɗai ya tafi ba, komai da komai ya tafi. Wane faifai zai zauna da wane, wane kaya za a zuba a ina, wane fili za a bari fanko, wannan shi ne aikin. Kwamfuta kuwa ba za ta taɓa tambayarka ko ka yi tunani ba.

A hannun Oga Ishaku na koya, mutumin Biu, wanda ya fara rayuwarsa da hawan falwayar wayar tarho kafin kwamfuta ta shigo gari. Watannin farko ko maɓalli bai bar ni na taɓa ba. Aikina ɗaukar jaka. A cikinta akwai sukundireba manya da ƙanana, da bulowar hure ƙura, da tocila, da salatif da alƙalamin maka na rubuta lamba a goshin kowane faifai, da wata igiya da ake ɗaurawa a wuyan hannu don kada wutar jikin mutum ta ƙona kaya. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin kanta, ya kafa kunne a ƙotar kamar makaniki yana sauraron inji, ya ce, "Wannan na huɗun yana tari, ba zai ga damina ba." Ni in saurara in ji ƙugi kawai. Sarkin Sauri yake kirana, don kullum hannuna yana gaba da kaina. Kafin in zare mataccen faifai sai ya sa na kunna fitilarsa tana ƙiftawa, na ɗora yatsa a kai, na faɗi lambarsa da ƙarfi, shi kuma ya amsa daga gaban kwamfuta. Ya ce rumbunan da ya gani sun rushe, rabinsu ba cuta ce ta kashe su ba, mutum ne ya zare mai lafiya ya bar matacce.

Abu biyu ya dasa min da ba su fita ba har yau. Na ɗaya, abin da ba kai ka ajiye ba kada ka goge, ko da kuwa kai ke riƙe da makullin komai. Na biyu, in kwalayen faifai suka iso, ka gauraya su. Ya ce faifan da suka fito daga kwali ɗaya tsara ne, rana ɗaya aka ƙera su, mota ɗaya ta jijjiga su daga Legas, don haka lokaci ɗaya suke tsufa. Wannan ba a rubuce yake a takardar kamfani ba, nasa ne na gogewa. Barbarci kuwa, duk zamansa a Maiduguri kalma ɗaya ya riƙe, wato wushe, sannu ke nan, kuma da ita yake yin komai. In na yi daidai ya ce wushe, in na yi shirme ma ya ce wushe, muryar ce kawai take bambanta.

Masu ba mu aiki kuma kowa da irin nasa. Ban taɓa shiga ma'aikatar da ba a ce min "kayanmu ba su da yawa" ba, kuma ban taɓa komawa bayan shekara na tarar da rumbun bai cika maƙil ba. Akwai wani ma'ajin wata makaranta da ya biyo ni har ɗakin saba, ya nuna faifan sifiya ya ce, "Wannan fa, me yake yi?" Na ce jira yake yi. Ya ce, "Yana shan wutarmu yana jira? Injiniya, a sa shi aiki, ba ma ciyar da malalaci." Na ce, "Ranka ya daɗe, kamar tayar sifiyar motarka ce." Ya dube ni da gaske ya ce, "Ai tawa tun bara take ƙasa tana aiki." Na ce Allah ya tsare hanya.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa a wani gidan rediyo da talabijin na yi shi, can wajen GRA, ba sai na kama suna ba. Lokacin Oga Ishaku ya koma Biu ya kama noma, ni ke tsaye da ƙafata. Gidan yana da tsohon rumbu da muke kira rumbun kowa. Faifansa haɗe-haɗe ne, wani tsoho wani sabo, duk wanda ya mutu a sayo abin da aka samu a maye gurbinsa. A ciki 'yan labarai ke zuba aikinsu, masu kyamara su zuba nasu, kuma tsakani da Allah har bukukuwan gidajen ma'aikata suna ciki, don a nan ake tace su in aiki ya lafa.

A gidan akwai Mama Saratu, mai kula da ɗakin tsofaffin kaset. Mace ce gajera, mai tabarau a kan hanci, ba ta rabuwa da ƙullin gyaɗa a jaka. Shekaru ta kwashe tana juya kaset ɗin nan zuwa kwamfuta ɗaya bayan ɗaya: hirar tsofaffin malamai, makaɗan Barebari, waƙoƙin matan Shuwa, bukukuwan girbi na mutanen kudancin Borno, abubuwan da aka ɗauka tun ina yaro. Zafin garin nan ya riga ya cinye kaset ɗin. Da yawansu sau ɗaya suka yarda suka juya, suna juyawa suna zubar da baƙin gari, daga nan sai shara. Ma'ana, abin da ta juya shi ne kawai ya rage a duniya.

Da aka sami tallafi aka sayo sabuwar kanta da faifanta, kwali guda, sai Manajan gidan, Alhaji Bukar, ya kira ni. Mutumin kirki ne, mai son jawabi. Ya ce, "Injiniya, wannan sabuwar ta Mama Saratu ce gaba ɗaya. Ka haɗa mata rumbunta daban." Na ce, "Ranka ya daɗe, da za a bar ni, da na gauraya su da waɗansu, ko mu yi musanyar rabi da wata ma'aikata." Ya girgiza kai ya ce, "Muryoyin iyayenmu ne fa. In haɗa su da faifan da suka sha wahala, ko na gidan wasu? Ai abu mai daraja sabon ɗaki ake ba shi." Kada ku ce bai san abin da yake yi ba. Takardar kamfanin da suka sayar ma cewa ta yi a haɗa iri ɗaya wuri ɗaya, kuma ko yau ka tara injiniyoyi, da yawa bayansa za su bi. Girmamawa ce ta sa shi, irin wadda duk muka tashi da ita.

Na haɗa rumbun, na ware sifiya, na kwashe kayan Mama na zuba, na kuma jona shi da wata na'ura mai ajiye kwafi na biyu. Ranar buɗewa har 'yar walima aka yi. Liman ya yi addu'a a bakin ɗakin saba, fasto ya yi tasa, Manaja ya yi jawabin da ya fi addu'o'in biyu tsawo. Ya Falmata, editar labarai, mace mai bakin da ba ya ajiye magana, ta leƙa ta ga faifan a jere, launi ɗaya, fitilu kore reras, ta ce, "Kai, 'yan matan Mama sun yi anko." Aka kwashe da dariya. Tun daga ranar kowa ya koma kiran rumbun amarya.

Shekaru suka wuce lafiya lau, sai shekarar da wutar lantarki ta yanke wa garin nan gaba ɗaya, wata da watanni ba ko ƙiftawa. Ku da kuke ƙanana lokacin, abin da kuka sani shi ne ruwan sanyi ya yi tsada. Mu kuwa a ɗakin saba muka ga tashin hankali. Man dizal ya zama sai an auna, babban janareta ya kwanta, ƙaramin kuma ba ya ɗaukar esi mai sanyaya ɗakin. Ga bazara ta tsaya a kan gari, irin wadda in ka taɓa ƙofar mota sai ka yi salati. Sai aka koma kunna saba da safe, a kashe da la'asar in an gama tace shirye-shiryen ranar. Faifai kuwa ba abin da ya tsana kamar a kwantar da shi a tashe shi kullum, don a wajen tashin ne yake yawan cikawa. Na cire ƙofar ɗakin, na bi ofisoshi ina kwashe fankoki, har ta Manaja na ɗauko yana zaune yana fifita da jarida. Na'urar kwafi na biyu ita ta fara sallama, ta ƙone ta kuma lalata abin da ke cikinta. Kayan gyaranta sai daga waje, aka rubuta takarda aka zauna jira.

Wata safiya na kunna, sai fitila ɗaya a kantar amarya ta fito ruwan goro, alamar faifan ya mutu. Ban damu sosai ba, sifiya ta kama aikin gini. Sai dai ginin da ya kamata ya tafi ba tsayawa, ga shi kullum ana katse shi da la'asar, sai ya riƙa jan ƙafa. Bai kai ko'ina ba fitila ta biyu ta canza. Na ɗauko sukundireba na kafa kunne yadda Oga Ishaku yake yi, kuma a ranar na ji abin da yake ji. Duk kantar tari take yi, har sifiyar, don ita ma 'yar kwalin ce. Na buga waya Legas, suka ce ko an biya yau, kaya ba za su iso ba sai bayan makonni.

Na tara Manaja da Mama Saratu na faɗa musu ba ɓoye-ɓoye. Na ce, "Biyu sun tafi. In na uku ya bi, aikin Mama gaba ɗaya ya tafi. Ginin nan yana ƙara gajiyar da su, gara in tsayar da shi mu kwashe kayan zuwa wani wuri tun suna numfashi." Manaja ya ce, "Zuwa ina?" Na ce wuri ɗaya ne a gidan nan, rumbun kowa. Tsofaffin faifan nan haɗe-haɗe ko a jikinsu, ɗaya ne kawai ya mutu a cikinsu na canza. Matsalar ita ce rumbun cike yake da kayan mutane, kuma ba inda za su kai su, don ɗan filas na kwamfuta ba ya ɗaukar bidiyo mai nauyi, intanet kuma a lokacin sai dai a yi haƙuri.

Manaja ya ce, "To goge, na ba ka izini." Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yi min afuwa, ba ni na ajiye ba." Ya fara ɗaga murya, sai Mama Saratu ta cire tabarau ta ce, "Alhaji, bar shi. Kayan mutane ba a ƙwace su da takarda. Ni zan je da kaina."

Washegari ta shigo da faranti, an jera goro da alewa da cingam, yadda ake rabon gayyatar biki. Ta ce in biyo ta da kwamfutar hannu. Ta fara da ɗakin masu kyamara, ta yi sallama ta miƙa farantin ta ce, "'Ya'yana, amarya ce za ta tare, ɗakinta ya tsage, na zo neman gudummawar wuri." Haruna, babbansu, ya ɗauki goro yana dariya ya ce, "Mama, ai an ci goro an ci magana. Me za mu kawo?" Ta ce abin da ya sawwaƙa. Ya zauna ya buɗe foldarsa, ashe wasannin ƙwallo ne na shekara da shekaru a jibge. Yana gogewa yana cewa, "Wannan mun ci, wannan alƙali ne ya cuce mu, tafi Allah ya haɗa mu a lahira." Kowa da hannunsa ya goge nasa, ni nawa kallon fili yana ƙaruwa. Da muka isa ofishin Manaja, Mama ta miƙa masa farantin kamar kowa. Ya ɗauki goro ya ce, "Jawabaina suna da yawa ko?" Na ce, "Ranka ya daɗe, suna da albarka." Ya ce a bar masa guda biyu.

Wajen Ya Falmata ne dariya ta tsaya. Nata ne ya fi kowa girma, bikin 'yarta ne tun daga lalle har shagalin wushe-wushe na Barebari, ɗanyen ɗauka da ba a tace ba. Ta ce, "Mama, wanda aka tace yana wajen yarinyar, amma gajere ne. A cikin wannan mahaifiyata take, tana rawa, tana yi wa kowa faɗa. Bayan bikin da kaɗan ta rasu." Mama Saratu ta janye farantin ta ce, "A'a, Falmata, naki ba ya ciki. Bar shi." Ya Falmata ta kama bakin farantin ta ce, "Wa ya ce miki? Ki zagaye gida da goro ki tsallake ni, a ce me?" Ta sa na yanko mata wurin rawar, ɗan abin da wayarta za ta ɗauka. Ta kalle shi sau ɗaya ta tabbatar yana yi, ta goge sauran da hannunta, ta jefa alewa a baki ta ce mu ba ta wuri tana da labarai.

Fili ya samu, saura lokaci. Rumbun da ya rasa faifai biyu, duk abin da za ka ɗauka sai ya tsaya ya yi lissafi kafin ya ba ka, don haka kwashewar tafiyar kunkuru take yi. Na ce wa Mama, "Ban san ranar da na uku zai tafi ba. Ke za ki faɗi abin da za a fara ɗauka da abin da zai jira." Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta kwance ƙullin gyaɗa. Ta ce a fara da malamai, sai makaɗa, sai matan Shuwa, haka dai gari-gari.

Na san akwai wata folda ta ƙauyensu. Ƙauye ne a kan dutse, wanda rikici ya watsa, yanzu ba kowa a cikinsa, mutanensa suna warwatse a nan Maiduguri da wasu garuruwa. A ciki akwai bidiyon bikin girbi da aka ɗauka tana budurwa, kuma mai ba da waƙar mahaifinta ne. Ba ta da hotonsa ko ɗaya sai wannan. Na ce, "Mama, mu fara da na Baba mana." Ta ce, "Injiniya, Falmata ta goge uwarta saboda ni, ni kuma in fara da ubana? Da wane ido zan dube ta? Nawa ne ƙarshe." Na ce ai ba wanda zai sani. Ta ce, "Ni zan sani." Na so in saci hanya in kwafe shi, amma tana zaune a gefena ido a kan allo, kuma kayanta ne, ita ke da iko da shi.

Haka muka riƙa yi. Kowace safiya in yi bismillah in kunna, in tsaya ina kallon fitilu suna fitowa ɗaya-ɗaya. Mama ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Injiniya, amarya ta tashi?" In ce, "Ta tashi, Mama, da ƙyar dai." Ta ce, "Haka amare suke." Manaja ya rage wani shiri don ya ƙara mana awannin janareta. Masu wucewa su tsaya su tambaya an kai wane gari, a ce musu an wuce Dikwa, an shiga Biu, kamar masu jiran motar da ta taso daga nesa. Kullum sai na sake roƙonta kan na Baba, kullum sai ta miƙo min gyaɗa.

Ranar da muka iso foldarta, bayan azahar ne, zafi kamar a gasa mutum. Ƙananan fayilolin suka wuce, aka zo kan bidiyon, wanda shi ne mai nauyin. Na ga layin kwafi a allo yana tafiya, ya wuce rabi. Har na fara cewa, "Mama, an kusa," sai na ji wani ƙas-ƙas daga kanta. Na juya na ga fitila ta uku ta zama ruwan goro. Layin ya tsaya. Na gwada duk abin da na sani, na kashe na kunna, na zare na mayar, amarya ba ta ƙara tashi ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban taɓa jin baƙin cikin aiki irin na ranar ba. Na kasa dubanta. Ita ce ta fara magana, ta ce, "Na mutane duk an kwashe?" Na ce an kwashe. Ta ce, "To, mun gode wa Allah." Ta ɗaure ƙullin gyaɗarta.

Na zauna a kan guntun fayil ɗin har na samu ya buɗe. Ga dutsen, ga dawa a tare, ga wani dogon mutum da sanda a hannu yana ba da waƙa, jama'a suna amsawa. Mama ta matso da kujera har tabaranta ya kusa taɓa allo. Yana cikin waƙa, ya ɗaga hannu zai shiga wani baiti, sai hoton ya daskare. Ta ce a hankali, "Kuma daga nan ne ta fi daɗi." Sai na ji tana ci gaba da ita a maƙogwaro.

Ya Falmata tana tsaye a bakin ƙofa, ban san lokacin da ta zo ba. Ta ce, "Mama, kin san sauran?" Ta ce ta sani. Ta ce, "To situdiyo ba kowa sai lokacin labarai. Tashi." Mama ta ce, "Haba Falmata, a garinmu mata amshi suke yi, ba sa bayarwa. Kuma wannan muryar tawa?" Ya Falmata ta ce, "To nuna min namijin da ya rage zai bayar, in je in ɗauko shi." Mama ta miƙe.

Waƙar ba ta yiwuwa ba 'yan amshi, don haka aka tattaro duk wanda ke gidan, Barebari da Shuwa da Margi da Bahaushe, ba mai jin yaren ko ɗaya. Ta koya mana amshin, muna kashe shi tana gyarawa, har ta yi dariya da hawaye a fuska ta ce Haruna ya koma baya don yana zagin kakanninta bai sani ba. Aka kunna jar fitilar ɗaukar murya, Mama ta fara. Da farko muryar tana rawa, can sai ta miƙe. Haruna ya haɗa aikin: uban yana waƙa, hoto ya tsaya da hannunsa a sama, muryar 'yar ta ɗauka daga nan. In kun saurara da kyau, a cikin 'yan amshi akwai wani mai muryar gwangwani da ke riga kowa shiga. Ni ne.

Da wuta ta dawo aka sayo sabbin faifai, na gauraya su son raina, Manaja da kansa ya riƙe min tocila. Bayan nan Mama ta ce in raka ta Jiddari Polo ranar wata Lahadi, akwai tsofaffin garinsu da ke taruwa a gidan wani bayan an taso coci. Na ɗauki kwamfuta da lasifika, Haruna ya biyo mu da kyamara don kawai ya ci abinci. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya na kunna. Suna ganin dutsen, sai wata tsohuwa ta rufe baki da gyale. Da waƙa ta kama sai suka fara amsawa ƙasa-ƙasa. Aka zo inda muryar uban ta yanke ta Mama ta shiga, ba wanda ya tsaya, amshin ma ƙara ƙarfi ya yi har aka kai ƙarshe.

Sai wani tsoho da ke jingine da bango ya gyara murya ya ce, "Saratu, kin yi ƙoƙari. Amma kin tsallake baiti biyu, na rijiya da na kakanki." Ya dafa sanda ya miƙe. Wata ta ce ai bayan wannan akwai ta shuka ma, ita ta san ta. Haruna ya ajiye kwanon tuwo ya fara laluben kyamara.

Mama Saratu ta juyo ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Injiniya, akwai sauran fili a rumbun?"

Na ce, "Akwai, Mama. Ku fara."